Ƙorafin Baban Aji

Shafi na 27

Masu turo mini saƙo tun gari bai gama wayewa ba kuna cewa "ina labarinmu," duk na gani. Ke kuma da kika ce za ki zo har gida ki ƙwace wayar ki ƙarasa rubutun da kanki, bismillah, amma ki taho da caja. Sababbin zuwa ku matso, yanzu za ku gane kan zancen.

* * *

Saura kwana goma sha tara Baban Aji ya kammala shekararsa ta sanin makamar aiki a sashen magunguna na asibitin. Kwana goma sha tara, sa hannu uku a littafin horo, sai jarrabawar hukuma, sai lasisi. Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da maganin ciwon kai da na tari a ɗan kantinsa, ya koma jami'a da furfurarsa har yaran ajinsu suka laƙaba masa wannan suna, yau ga shi yana hango ƙarshen wahala.

Abu ɗaya ne babu wanda ya sani a duk asibitin. Shugabar sashen, wadda take sa masa hannu, 'yarsa ce ta cikinsa.

Ba da gangan abin ya faro ba. Wani ne shugaba lokacin da ya fara, bayan wata uku aka yi wa mutumin canjin wurin aiki, aka kawo ta. Ƙa'idar hukumar ba da lasisi kuwa ta hana mutum ya duba horon wanda suka haɗa jini. Ta ce za ta sanar. Ya ce shekara biyu cur ya yi yana jiran gurbin horo, in ta buɗe baki kada ta ƙara gaishe shi. Sunan da ke bayan nata ma bai tona musu asiri ba, don a asibitin kaɗai mutum bakwai ne ke amsa shi, har da mai gadi.

Safiyar Talata yana bayan taga yana ƙirga ƙwayoyi a faranti yana zubawa a 'yan ledoji, ta leƙo.

"Dattijo, ofis."

"To, ranki ya daɗe."

Tana rufe ƙofa ta juyo, ido duk a waje.

"Baba!"

"A'a. Ke kika kafa doka, a nan babu Baba."

"Baba, ka bar wannan maganar. Jan Biro yana cikin asibitin nan. Yanzu aka bugo mini daga ofishin babban likita."

Baban Aji ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce masa zauna ba, abin da bai taɓa yi ba a ofishin nan.

Duk ɗalibin da ke jiran lasisi ya san Jan Biro. Mai binciken hukuma ne. Ana cewa ya taɓa soke wa wata yarinya wata huɗu saboda ta cike shafukan sati guda a zama ɗaya, wai ya gane ne daga yadda hannunta ya gaji a shafin ƙarshe.

"Wajen wa ya zo?"

"Littafinka ya ce a fito masa da shi."

"Nawa? Ai mu shida ne."

"Naka kai kaɗai."

Ya shafa aljihun farar rigarsa ta aiki, ya shafa ɗayan.

"Ga shi yau na manta gilashina a gida. Shi ya sa tun safe na laɓe wajen ƙirga. Na buga wa Ummanki na ce ta aiko."

"Ta aiko ko ta kawo?"

"Na ce ta aiko."

"Baba, yaushe ka taɓa ce wa Umma..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗan gajeren mutum ne ya shigo, mai sanyin murya, da murmushi irin na wanda bai taɓa sauri ba a rayuwarsa. Biro uku a aljihunsa na gaba, duk ja. Ya gaishe da Shugaba, ya ɗan rusuna wa Baban Aji, ya zauna ya jawo littafin horon gabansa.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Hamsin da takwas, ranka ya daɗe. In ka cire biyun da na yi jiran gurbi, hamsin da shida."

Jan Biro ya yi ta buɗe shafi a hankali, yana lasar yatsa.

"Ɗakin haɗa magani sati shida ake yi. Na ga ka yi goma sha biyu."

"Maimaitawa aka sa ni."

"Me ya sa, Shugaba?"

Ta gyara zama. "Da ido yake auna ruwan magani."

"Idon da ya shekara talatin yana..."

"Ido ba ma'auni ba ne, Dattijo."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Sito," in ji Jan Biro, yana bin layi da yatsa. "An rubuta: ya jera magunguna yadda ransa ya so."

"Na ciki gefe guda, na kai gefe guda, na ƙafa a ƙasa. Ina laifi a nan? Mutum ya shigo ya san inda zai dosa."

"Kwana biyu muka yi muna neman maganin hawan jini," in ji Shugaba.

"Yana can sama. Ai hawa ne."

Jan Biro ya sunkuyar da kai kamar mai duba wani abu a takalminsa, sannan ya ci gaba.

"Taga. An rubuta: yana tsayawa tambayar majinyaci lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, har layi ya kai bakin titi."

"To mutum ya zo gabanka da ciwo, ka cilla masa leda kawai?"

Shugaba ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin shayinta don ta samu abin yi. Hannun ya buge shi, kofin ya tuntsure, shayin ya zubo mata a yatsu. Kafin ta ce wani abu Baban Aji ya zabura.

"Subhanallahi! Sannu Mamana, bai ƙona ki ba?"

Jan Biro ya ɗago kai daga littafin.

(Ga waɗanda ba su bi mu tun farko ba, sunan mahaifiyarsa ya sa mata, a gida ba ya kiranta da komai sai Mamana. Wata takwas yana danne wannan suna, yau shayi ya fito da shi.)

"Mamanka?" in ji Jan Biro.

"E to... ai duk wanda ke gaba da kai a wajen aiki kamar uwa yake. Haka nake kiran shugabannina."

"Ikon Allah. Shi wanda ka fara da shi fa, namijin?"

Baban Aji ya dubi fanka.

"Shi ma."

"Mamana kake ce masa?"

"Da farko bai so ba. Daga baya ya saba."

Shugaba ta dafe goshi tana goge tebur da ɗayan hannun. Jan Biro ya gyaɗa kai kamar an gaya masa abu mafi sauƙi a duniya, ya rufe littafin, ya buɗe jakarsa ya fito da wani ambulan da ya sha hannu.

"Gaskiya ba littafin ne ya kawo ni ba. Wata shida da suka wuce wata takardar ƙorafi ta iso ofishinmu, babu sunan wanda ya rubuta. Sai yanzu layi ya zo kanta. A kan Shugaba aka rubuta."

"A kaina?"

"A kanki."

Baban Aji ya ƙura ido. Ya gane ambulan ɗin. Ranar da ta ce ya maimaita ɗakin haɗa magani a gaban yaran nan biyar, bai ko isa gida ba, ya zauna a kan benci ya zazzage duk abin da ke ransa a takarda, ya aika. Washegari ya huce, bayan sati ya manta. Shi a tunaninsa irin waɗannan takardun ba wanda ke karantawa.

Jan Biro ya warware takardar.

"Zuwa ga hukuma mai adalci. Ni wani bawan Allah ne mai kishin gaskiya, kuma ba ni da alaƙa da kowa. Ina sanar da ku cewa Shugabar sashen magunguna tana gallaza wa ɗalibai, musamman wani dattijo mai mutunci, mai haƙuri, ƙwararre, wanda duk unguwarsu ta shaida cewa hannunsa yana da albarka."

A hankali Shugaba ta fara juyo da kanta. Baban Aji ya ƙura wa kalandar bango ido kamar yau ya fara ganin watanni.

"Tana sa shi goge kanta. Tana ce masa maimaita a gaban yaran da ya yi jika da su. Rannan don ya ba wata tsohuwa shawara a kan ciwon gwiwa, ta ce wai ya tsaya a kan abin da likita ya rubuta. Wannan taurin kai kuwa ba yau ta fara ba. Tun tana aji uku a firamare, in ta ce ba za ta sa takalmi ba, to sai dai a ɗauke ta."

Jan Biro ya ɗago.

"Nan ne kaina ya ɗaure. Wane ne a sashen nan ya san Shugaba tun tana aji uku?"

"Ni ma," ta ce, haƙoranta a haɗe, idonta a kan mahaifinta, "ina so in sani."

"Duniya ce," in ji Baban Aji. "Mutane ba sa tsoron Allah."

"Baba, kai ka daɗe a cikin ɗaliban nan. Duba mana, ko za ka gane rubutun wani."

Ya karɓi takardar, ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa, ya karkata kai. Wani sanyi ya sauka a ransa, don karo na farko tun shigowar mutumin nan zai faɗi gaskiya.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ba na ganin komai. Na manta gilashina a gida."

Bai rufe baki ba aka turo ƙofa ko ƙwanƙwasawa babu.

"Malam, kai dai kullum sai ka manta wani abu! Wata rana ƙafarka za ka bari a gida. Ungo, na biyo ta..."

Umma ce, mayafi a kafaɗa, gilashin a hannunta ta ɗaga shi sama. Ta ga mijinta ya sarƙe da tarin ƙarya. Ta ga 'yarta tana ƙifta mata ido kamar wadda ƙwaro ya faɗa wa. Ta ga baƙon mutum da jajayen biro. Sai a lokacin ta tuna dokar da aka yi ta nanata mata wata takwas: in ƙaddara ta kawo ta asibitin nan, ba ta san kowa ba.

Ta gyara mayafi.

"Au. Sannunku da aiki, ma'aikata."

"Sannu Hajiya," in ji Jan Biro. "Kin san su ne?"

"Ni? Ina zan san su? Magani na zo karɓa."

"Ina takardar likita?"

"Ta faɗi."

"Gilashin fa?"

"A hanya na tsinta. Na ce bari in zaga in ji ko na wani ne."

"Sai kika zo ofishin nan kai tsaye."

"To ai ga shi ka gani, mutumin nan daga ganin idonsa ka san ya yi ɓatan gilashi."

"Na ji kin ce masa Malam."

"Kowa ma Malam ne. Kai ma Malam ne."

Jan Biro ya tashi da kansa ya jawo mata kujera.

"Zauna Hajiya, ki huta. Yanzu za a sallame ki. Baba, ga gilashi Allah ya kawo. Duba mana."

Baban Aji ya yi wa matarsa wani kallo, ya sa gilashin. Rubutunsa ya fito ɓaro-ɓaro, har da inda ya danna biro don haushi takardar ta huje.

"Rubutun dai... yana da kyau. Daga gani mai ilimi ne."

"Ka gane shi?"

"Yana mini kama da na mutane da yawa."

"To kawo in ƙarasa, saura kaɗan." Ya karɓa, ya gyara murya. "A taƙaice, yarinyar nan ba ta da ladabi. Amma kada hukuma ta ga laifin ubanta, domin na ji an ce mutumin kirki ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. Wannan hali daga wajen uwarta ta ɗauko shi, ita ma haka take, ba a gaya mata ta ji."

Baban Aji ya rufe ido.

"Wace uwar?"

Umma ce ta miƙe, kujerar ta yi baya.

"Umm... Hajiya," in ji Shugaba, "don Allah ki..."

"Ke rufe mini baki! Na ce wace uwar? Wane marar kunya ne ya zauna ya rubuta wannan? Ni da na goya ta, na yi jinyar ƙyandarta, na yi ta tashe ta karatu har ta zama abin da ta zama, ni ce ba a gaya mini in ji? Kawo takardar nan in gani!"

Ta fizge ta daga hannun Jan Biro. Shi kuwa ya sakar mata, har da ɗan matsawa gefe don ta samu haske. Ta duba layin farko, ta duba na biyu. Ta ɗago a hankali.

"Malam."

"Baiwar Allah, ban san ki ba."

"Malam, wannan ai rubutunka ne."

"Hajiya, a hanya fa kika tsinci..."

"Rubutun da ka shekara biyu kana aiko mini da wasiƙa kafin a ɗaura mana aure, shi zan manta? Ga yadda kake lanƙwasa wutsiyar harafi nan kamar ƙugiya! Ni ce ba a gaya mini in ji? Shekara talatin da huɗu ina cewa ka rage gishiri, wa ya ji? Kai ne mutumin kirkin da ka ji an ce? Wa ya ce? A ina aka ce?"

"Ki yi a hankali, a gaban hukuma muke."

"Ai kai ka kai mu gaban hukumar!"

Sai da ta kai nan ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta dubi 'yarta, ta dubi baƙon, ta koma ta zauna a hankali ta ja mayafi ta rufe baki.

Jan Biro ya zaro biro ɗaya daga aljihu, ya cire murfin. Ƙarar cire murfin nan kaɗai aka ji a ofishin.

Shugaba ba ta ko dube shi ba. Mahaifinta take kallo, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ƙarata ka kai?"

"Raina ne ya ɓaci, Mamana."

"Ka san duk ranar da na ce maka maimaita, sai na shiga bayan sito na yi kuka kafin in fito?"

Baban Aji ya sunkuyar da kai.

"To me ya sa kike yi?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yaran nan kina musu sauƙi, ni kuwa ko ɗigo ba kya bari ya wuce."

"Saboda ranar da za ka rataye lasisin nan a bango, ba na so ko mutum ɗaya ya ce 'yarsa ce ta ba shi. Ko kai kanka ba na so ka yi wannan tunanin. Tun ina ƙarama nake ganin yadda kake tsayawa in an zo duba kantinka, ana kwashe maka magungunan da ba ka da izinin sayarwa, kana ba yaran da ba su kai ka sanin aiki ba haƙuri. Na ce in dai a hannuna za ka fita, to ba mai sake ɗaga maka murya."

Baban Aji ya cire gilashin da aka sha wahalar kawowa, ya goge ido da hannun riga. Ya miƙe, ya tuɓe farar rigar aikin, ya ninke ta, ya ajiye a gaban Jan Biro.

"Ranka ya daɗe, 'yata ce. Ita ta so ta faɗa tun ranar farko, ni na hana ta da ƙarfin uba. Ka soke nawa gaba ɗaya, in koma kantina. Amma kada ka taɓa nata. Yarinyar nan ba ta taɓa sa mini hannu a kan abin da ban iya ba."

"A'a," in ji Shugaba. "Ni ce mai lasisi, ni na san ƙa'ida, ni na yi shiru. Laifina ne. Shi ɗalibi ne."

"Ina magana kina magana?"

"A ofis muke, Dattijo."

"Ka ji ko?" Ya juya wajen Jan Biro. "Ka ji abin da na rubuta?"

Umma ta sauke mayafi daga bakinta.

"Ni dai ko na wa za a soke, a fara soke layin uwar nan tukuna."

Jan Biro ya jawo takardar, ya ja jan layi a kan jimlar, ya nuna mata. Ta gyaɗa kai.

"Baba, ɗauki rigarka," ya ce. "Tun a ofis na gane ku. A takardunku akwai gurbin wanda za a kira in wani abu ya faru, lamba ɗaya kuka rubuta ku biyun. Jiya na kira. Wata Hajiya ta ɗauka, ta ce in maigidan nake nema yana asibiti wajen 'yarsa, ita ce ma shugabarsa, amma kada in gaya wa kowa."

Uba da 'ya suka juya gaba ɗaya.

"Au, kai ne?" in ji Umma. "Na zaci mai gyaran firij ne."

"Yanzu ku saurara." Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. "Ƙa'ida ba don a wulaƙanta kowa aka yi ta ba. Wanda za a damƙa wa maganin mutane, dole wanda ba ya jin nauyinsa ya shaida ya iya. Shugaba, za ki bayyana gaban kwamiti, kuma ba zan ɓoye komai ba. Amma zan rubuta abin da na gani a littafin nan. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗalibin da aka matsa wa kamar wannan ba."

"Na gode," in ji Baban Aji. "A rubuta da manyan baƙi."

"Kai kuma Baba, wata ukun farko suna nan daram. Wata takwas ɗin da ka yi a hannunta, ban soke ba, ban kuma karɓa ba. Za ka koma hannun wani mai duba horo na daban, wata uku. Zai sake gwada ka a kowane sashe, tun daga sito har taga. In ya sa hannu, an karɓi shekararka, ka zauna jarrabawa. In ya ƙi, ka koma layin neman gurbi daga farko."

"Wata uku kawai? Alhamdulillahi! Ai ko wane ne zan bi shi sau da ƙafa. Ko goge takalmi ya ce in yi."

"Madalla. Don a jerin da ke hannuna mutum ɗaya ne ya rage mai gurbi."

Ya yagi 'yar takarda, ya rubuta suna da sunan wurin aiki, ya tura masa.

Baban Aji ya mayar da gilashi ya karanta. Ya cire, ya hura, ya goge, ya sake sawa, ya sake karantawa. Sai ya nemi kujera.

"Mene ne?" in ji Umma. Ta leƙa ta kafaɗarsa. Sai ta fashe da dariya har tana dafa tebur.

Shugaba ta jawo takardar ta duba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin kofi.

"Malam," in ji Umma tana share hawaye, "ba shi ne dogon nan ba? Wanda ya zo neman auren yarinyar nan bara waccan? Da ka tsayar da shi a ƙofar gida awa biyu cikin rana, ko tabarma ba ka ba shi ba, kana yi masa tambayoyin magani?"

"Ki yi shiru."

"Ka ce ya lissafo maka magungunan da ba a haɗa su da madara, ya faɗi huɗu, ka ce saura ɗaya. Ya ce babu, ka ce bai san aikinsa ba. Har ka ce masa ko maganin mura kada ya ƙara ba mutane, ya je ya nemi wata sana'ar!"

"Na ce ki yi shiru!" Ya juya da sauri. "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Akwai alaƙa tsakaninmu. Ƙa'ida ta hana."

"Ka ba shi auren?"

"Allah ya kiyaye!"

"To babu alaƙa. Da ka ba shi, da yanzu surukinka ne, da ƙa'ida ta cece ka."

"A duba jerin nan dai. Ko a wani gari ne zan je. Ko asibitin dabbobi."

"Shi kaɗai ne, Baba. Kuma ya riga ya amsa. Ina faɗa masa sunanka bai ko bari na ƙarasa ba, ya ce yana so." Jan Biro ya mayar da murfin bironsa. "Tare ma muka zo. Na ce ya jira a waje."

Shugaba ta yi wuf ta gyara ɗankwalinta, ta ture kofin da ya zube bayan fayil.

Baban Aji ya gan ta.

"Ke! Me kike gyarawa?"

"Ba komai, Baba."

"Mamana, ofishin nan ba shi da ƙofar baya?"

Aka ƙwanƙwasa sau uku, a natse. Ƙofar ta buɗe, wani dogon mutum cikin farar rigar aiki ya sunkuyo don kada kansa ya bugi katako. Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa a gaban Baban Aji, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Baba, ina kwana. An ce in zo in tafi da sabon ɗalibina."

Ya ɗago yana murmushi, ya zaro ɗan littafi daga aljihu.

"Kafin mu fita, Baba, na biyar ɗin nan da ba a haɗa shi da madara. Shekara biyu ina nema ban samu ba. Da shi za mu fara."